Kafin a Shiga Tiyata: Yadda Muke Neman Yardar Mai Naƙuda

Tsakanin lokacin da likita ya duba mai naƙuda ya ce "sai an yi aiki" da lokacin da za a tura gadonta ɗakin tiyata, akwai wani aiki da ba ya buƙatar allura ko almakashi, amma shi ne ya fi yawan haifar da rigima daga baya idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. Aikin shi ne neman yardar matar. A takarda abu ne ɗan ƙarami: fom guda, wurin sa hannu uku. A ɗakin haihuwa kuwa, inda mace ke murƙususu, miji na tsaye a waje, uwar miji na cewa a ƙara haƙuri, yakan ci minti goma zuwa ashirin na magana mai nauyi. Zan bi shi daki-daki yadda nake gudanar da shi a matsayina na ungozomar asibiti.

Abu na farko da nake tabbatarwa shi ne wanda zai yi bayanin. Likitan da zai yi aikin, ko wani likita daga cikin waɗanda za su shiga tare da shi, shi ke da alhakin faɗa wa matar abin da za a yi mata da dalilinsa. Nawa aikin shi ne in shirya wurin, in mayar da maganar cikin Hausar da za ta gane, in gwada ko ta gane ɗin, sannan in zama shaida. Kuskuren da ya fi yawa a asibitocinmu daga nan yake farawa: likita ya rubuta a fayil ya wuce wanke hannu, nas ta ɗauki fom ta leƙa ƙofa ta ce "ina mijin wance? Zo ka sa hannu nan." An sami sa hannu, amma matar da za a yanka ba ta ji komai ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Nijeriya ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma ta ce a yi hakan cikin harshen da yake ji, tare da la'akari da ko ya iya karatu. Majinyaciya a nan ita ce matar da ke kan gado.

Daga nan sai in tambayi likita tambaya ɗaya: minti nawa muke da shi? Amsar ce ke tsara komai. Idan cibiya ta riga jariri fitowa, ko bugun zuciyarsa ya faɗi ƙasa da 110 a minti ya ƙi dawowa, ko jini ya ɓalle saboda mabiyiya ta rabu da mahaifa, ana so a ciro jaririn cikin kamar minti 30 daga yanke shawara. A nan bayani yana tafiya ne tare da aiki: ina sa mata allurar ƙarin ruwa, wata na sa robar fitsari, likita na magana a kanta, jimla huɗu ko biyar masu ma'ana. Idan kuwa naƙuda ce ta tsaya amma uwa da jariri suna lafiya, akwai sarari a zauna. Wadda aka sa wa rana tun a awo, misali mai ɗinki biyu, wato wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa sau biyu, ko wadda mabiyiya ta tare mata hanya, ita ya kamata a ce an gama wannan magana da ita makonni kafin ranar, ta je gida ta yi shawara ta dawo.

Sannan in duba ko tana cikin hayyacin da za ta yanke shawara. Ciwon naƙuda kaɗai ba ya raba mace da hankalinta, kuma ban yarda da masu fakewa da shi su tsallake ta ba. Naƙuda mai ƙarfi takan zo sau uku zuwa biyar a cikin minti goma, kowace ta ɗauki kusan minti ɗaya, don haka akwai tazarar minti ɗaya ko biyu a tsakani. A wannan tazarar ake magana. Idan ciwon ya taso sai mu yi shiru, in riƙe mata hannu, idan ya lafa mu ɗora daga inda muka tsaya. Abin da ke rage hayyaci da gaske shi ne allurar rage zafi mai sa maye, jijjiga, zubar jini mai yawa, ko zazzaɓi mai zafi. Shi ya sa idan ana tunanin za a kai ga aiki, nakan roƙi a yi bayanin kafin a ba da irin wannan allurar. Gwajin da nake yi ba shi da wuya: ta san inda take? Za ta iya riƙe abin da aka faɗa mata na ɗan lokaci? Za ta iya auna shi ta ba da amsa? Wadda ta farfaɗo daga jijjiga tana kallon mutane ba ta gane su, dangwala yatsanta a takarda zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Kafin a fara maganar nakan ja labule, in rage murya, in tambaye ta a hankali: "Wa kike so ya tsaya a nan mu yi maganar tare?" Wannan tambayar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Wata za ta ce mahaifiyarta, wata yayarta, wata maigidanta, wata kuma ta ce kowa ya fita. Mai haihuwar fari, saboda kunya, ba za ta buɗe baki a gaban surukarta ba ko da tambaya na cinta. Za ta sunkuyar da kai ta ce "to" ga duk abin da aka ce, kuma wannan "to" ɗin ta ladabi ce. Idan na ga haka sai in ce, "Hajiya, don Allah ku ɗan ba mu wuri zan duba ta," in samu minti biyu mu kaɗai.

Bayanin kansa yana da sassa, kuma nakan bi su a zuciya don kada a tsallake ko ɗaya. Na farko shi ne dalili, a faɗe shi da abin da za ta iya hangowa. "Kan jaririn ya fi ƙugunki, awa huɗu ke nan bai sauko ko kaɗan ba." Ko kuma, "Mabiyiya ce ta zauna a bakin mahaifa, idan naƙuda ta ci gaba jini zai ɓalle." Kalmomin Turanci na likitoci ba su da amfani a nan, haka ma "akwai matsala" kawai. Na biyu, abin da za a yi: za a yi mata allura a baya, daga ƙirji zuwa ƙafa zai mutu na wasu awanni, idonta biyu, za ta ji ana taɓawa ana ja amma ba za ta ji zafin yanka ba. Za a yanka a ƙasan mara a kwance, a ciro jariri cikin 'yan mintoci, sauran lokacin na ɗinki ne, duka kusan awa ɗaya. Za a bar robar fitsari zuwa washegari, ko fiye da haka idan naƙudar ta daɗe ta matse mafitsara. Mata da yawa abin da suka fi tsoro shi ne a sa su barci su ƙi farkawa. Jin cewa za su ji kukan jaririnsu da kunnensu yakan sauko da rabin fargabar.

Na uku shi ne haɗari, kuma a nan ne ake yawan karkacewa ta ɓangare biyu. Wasu ma'aikata suna ɓoyewa don kada ta tsorata ta ƙi. Wasu kuma suna jero mata duk wata musiba har da mutuwa cikin murya ɗaya, kamar masu karanta sharuɗɗan bashi, don su kare kansu. Abin da ya dace shi ne a raba: ga abin da yake faruwa sau da yawa, ga wanda ba kasafai ba amma babba ne. Ciwon wurin ɗinki, ruwa ko ƙwayar cuta a ɗinkin, ciwon kai bayan allurar baya, waɗannan ana ganinsu. Zubar jinin da zai sa a yi ƙari yana faruwa. Rauni a mafitsara, a ƙididdigar likitocin mata na Ingila, kamar mace ɗaya ce a cikin dubu, sai dai wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida ko mai tsohon ɗinki haɗarinta ya fi haka. Akwai kuma yiwuwar jini ya ƙi tsayawa har sai an cire mahaifar don a ceci rai. Wannan dole a faɗe shi da baki kafin a shiga, komai ƙarancinsa, domin macen da ta farka ta tarar ba ta da mahaifa ba tare da an taɓa ambata mata ba, ba za ta yafe ba, kuma tana da gaskiya.

Na huɗu, abin da zai biyo baya idan ba a yi ba. Shi ma da gaskiya ake faɗarsa, ban da tsoratarwa. Naƙudar da ta toshe tana iya kashe jariri, ta fasa mahaifa, ko ta bar uwa da yoyon fitsari, larurar da ta sa aka buɗe cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da Laure a Kano. Idan akwai wata hanya ta gaske, kamar ƙara jira awa biyu ana lura da bugun zuciyar jariri, ko jawo shi da na'ura idan kai ya sauko sosai, a faɗa mata. Idan babu, a ce babu.

Akwai tambayar da kusan kowace mace ke da ita a ranta ko ba ta furta ba: "Zan sake haihuwa? Kuma da kaina?" Jita-jitar da ke yawo ita ce wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ta gama haihuwa da kanta, ko kuma haihuwa uku kawai aka yarje mata. Nakan amsa tun ba a tambaya ba. Mai ɗinki ɗaya na kwance tana iya gwada haihuwa da kanta a ciki na gaba, amma a asibitin da ke da tiyata da jini, domin ɗinkin yana iya buɗewa a kusan mace ɗaya cikin ɗari biyu. Ana so ta huta kamar shekara biyu kafin wani cikin. Kowane ƙarin aiki yana ƙara haɗari, amma babu wani adadi guda da aka yanka wa kowa.

Idan likita ya gama, ba na tambayar "kin gane?" Amsar kullum "e" ce. Nakan ce, "Idan maigidanki ya shigo yanzu ya tambaye ki me likita ya ce, me za ki faɗa masa?" Abin da ta maimaita shi ke nuna min inda aka yi giɓi. Sau da yawa a nan ake gano cewa ta ɗauka za a juya mata mahaifa ne a ɓoye, ko ta ɗauka jaririn ya riga ya mutu ana ɓoye mata.

Sai maganar miji, wadda ita ce ta fi ɗaukar lokaci. A doka, mace baliga mai hankali ita ke da ikon amincewa da abin da za a yi a jikinta, kuma sa hannun miji ba sharaɗi ba ne. A rayuwa kuwa, gidansa za ta koma, shi zai nemo jini, shi zai biya kuɗi, kuma mafi yawan mata da kansu za su ce "a faɗa wa maigidana." Don haka da izininta nakan kira shi gefe, ba a tsakiyar baranda ba, likita ya maimaita masa bayanin. Nakan ce, "Malam, mun yi magana da ita ta fahimta, ta ce a yi shawara da ku." Wannan jimlar tana ba shi girmansa, tana kuma nuna masa cewa an riga an ji ta bakinta. Idan uwar miji ce ke turjewa, tana cewa su sun haifi goma a ɗaki, ba a yi musu da ita. "Hajiya, kun fi mu sanin haihuwa. Ku zo ku ji bugun zuciyar jikanku." A sa mata na'urar a kunne, a nuna mata takardar da muke bin naƙuda da ita, inda layin ya tsaya cak tun awanni. Abin da ido ya gani yakan yi abin da dogon bayani bai yi ba. Masu son a yi addu'a ko a kira malam a waya, a ba su minti biyu su yi. Rubutun sha ne kawai nake hanawa, in kuma bayyana dalili: wadda za a shiga da ita tiyata ba a so a cika mata ciki, don kada ta yi amai ya shiga huhu.

Wani wurin da ake asarar rai shi ne idan miji ba ya nan. Ya tafi kasuwar ƙauye, ko yana Legas, wayarsa a kashe, dangi kuma kowa na cewa "ba ni da iko." Matar ta yarda, amma ana zaune ana jira awa uku. A irin wannan hali nakan faɗa wa likita da babbar nas a fili cewa mai jikin ta amince, sa hannunta ya isa, in rubuta lokutan da aka nemi mijin a waya, a shiga aiki. Idan kuma yana nan ya ce bai yarda ba alhali ita ta yarda, a kira babban likita ya sake zama da shi, amma ƙinsa ba ya soke yardarta. Na san wannan yana da wuyar aiwatarwa a ƙaramin asibiti inda kowa ya san kowa. Duk da haka, ma'aikaciyar jinya da ta yi shiru a nan ta bar majinyaciyarta a lokacin da ta fi buƙatarta.

Wani lokaci "ban yarda ba" ma'anarsa "ba ni da kuɗi." Namiji ba zai faɗi haka a gaban mutane ba. Nakan tambaya a keɓe, in faɗi kuɗin yadda yake, in haɗa shi da ofishin walwalar marasa lafiya, in duba ko asibitin na cikin shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Nuwamban 2024. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana a ƙi ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma rashin kuɗi na ciki.

Akwai abubuwan da yarda da aiki ba ta ɗauke su ba, kowanne sai an nemi nasa daban. Ƙarin jini na ɗaya. Ana ɗibar jininta a auna yawansa da rukuninsa, a tanadi leda ɗaya ko biyu, amma a tambaye ta ko ta yarda a ƙara mata. Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin ƙarin jini ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. A 2019 kuma, a shari'ar Esabunor, kotun ta nuna cewa iyaye ba su da wannan ikon a kan ƙaramin yaro idan ransa na cikin haɗari. Na biyu shi ne ɗaure bututun ƙwai, abin da mata ke kira juya mahaifa. Wannan ba ya warwaruwa cikin sauƙi, don haka tsakiyar naƙuda ba lokacin fara maganarsa ba ne. A awo ake tattauna shi. Miji ba zai nema mata a bayan idonta ba, likita ma ba zai yi don ya ga haihuwarta ta yi yawa ba. Na uku shi ne sakamakon gwaje-gwaje. Kafin aiki ana gwada ƙanjamau da ciwon hanta, kuma sakamakon nata ne. Sashe na 26 na dokar 2014 ya hana bayyana shi ba da izininta ba, sai a 'yan wuraren da doka ta keɓe. Ba a faɗa wa mai jinya, ba a rubuta shi da jan biro a bangon fayil inda duk mai wucewa zai gani, ba a kuma ɗaga murya da shi lokacin miƙa aiki.

Sai a zo kan takardar. Nakan karanta mata abin da ke ciki da Hausa, in tabbatar sunanta da lambar fayil daidai suke, sunan aikin a rubuce yake cikakke ba a taƙaice ba, kuma babu layin da aka bari fanko da za a cike daga baya. Wadda ta iya rubutu, da boko ko da ajami, ta sa hannu. Wadda ba ta iya ba ta dangwala babban yatsa, a rubuta a gefe yatsan wane hannu ne. Likita ya sa hannu, ni in sa a matsayin shaida, da kwanan wata da lokaci har minti. Idan da tafinta aka yi, misali Bafulatana ko Babarbariya da ba ta jin Hausa sosai, a rubuta wanda ya fassara. Ƙaramin yaro ba ya tafinta a irin wannan magana, kuma ɗan'uwa yakan tace abin da bai so ta ji, don haka ma'aikacin asibiti mai jin harshen ya fi. A fayil kuma nakan rubuta abin da aka faɗa mata da tambayoyin da ta yi, domin sa hannu kaɗai ba ya nuna an yi bayani.

Idan bayan duk wannan ta ce a'a, kuma tana cikin hayyacinta, ba a ɗaure ta, ba a zage ta, ba a ce "to tashi ki tafi." Nakan tambayi abin da take tsoro, domin sau da yawa abu ɗaya ne da za a iya warwarewa. A kira babban likita. A rubuta ƙin nata da abin da aka gaya mata zai iya biyo baya. A ci gaba da duba ta da jaririn kamar yadda ake yi wa kowa, a sake tambayarta bayan ɗan lokaci, don mutum yana da damar sauya ra'ayi. Wadda kuwa aka kawo a sume, jini na zuba, babu wanda zai yi magana a madadinta, ba a jira. Likita ya rubuta halin da take ciki da dalilin gaggawar, inda hali ya yi wani likitan ya sa hannu tare da shi, a yi abin da zai ceci rai kawai, ban da ƙari.

A ƙofar tiyata akwai tsayawa ta ƙarshe. Takardar tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta sa a tambayi majinyaci, kafin a ba shi maganin kashe zafi, ya tabbatar da sunansa, aikin da za a yi, da yardarsa. Nakan bar ta ta faɗa da bakinta. Har a wannan lokacin tana iya janyewa.

Washegari, idan ta fara zama ta sha ruwa, nakan koma gefen gadonta da fayil. Abin da aka faɗa cikin naƙuda rabinsa ya tafi. In sake gaya mata dalilin aikin, abin da aka tarar a ciki, ko an ƙara mata jini da leda nawa, da irin yankan da aka yi wa mahaifar, domin na fata yana iya zama a kwance na ciki kuma a tsaye, kuma mai yankan tsaye ba a barinta ta yi naƙuda a ciki na gaba. Duk wannan a rubuta shi a katin sallama, a ce ta adana shi ta nuna a ranar farko da ta je awo, ko a wane asibiti ne.